Jan Ƙyalle a Aljihun Manaja

Gorar ruwa biyu. Dabino a leda. Bandeji, auduga, ƙaramar kwalbar sifirit. Usur. Waya. Damin jajayen ƙyallaye da na yanka jiya. Waɗannan nawa ne.

Kwalbar turare. Fawa-banki na cajin waya, mai nauyin bulo. Tabarau na biyu, wai ko na farko zai yi gumi. Man leɓe. Waɗannan na Manaja ne, amma a jakata suke, a bayana, tun ba mu gama hawan farko ba.

"Ɗan riƙe min, gimbiya, da kafaɗar nan na kwana."

Na karɓa na cusa a jaka.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo shafin nan, bari in taƙaita. Na yi karatu nesa da gida, a wani gari da duwatsu suka kewaye, can na koyi gudu a kan dutse, don in ban fita ba kaɗaici zai cinye ni. Na dawo da takarda, na samu aiki a ɗakin gwajin jini, na kuma dawo da wannan ɗabi'a da Mama ke kira ciwo. Duk ƙarshen mako nakan bi wata ƙungiya mu shiga gandun dajin da ke bayan gari, inda aka hana farauta da sare itace, mu hau tsauni mu sauka a guje. Barewa suke kirana. A gida ma sunan ya biyo ni, sai dai can da gatse ake faɗarsa.

Manaja ɗan aminiyar Mama ne. Shi ke zama a shagon tayil na mahaifinsa, shi ya sa kowa ke ce masa Manaja, har uwar da ta haife shi. Yana sona, in ji shi, in ji uwayen biyu. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, Mama kuwa ta gaji. Ta ce yau da yamma Anti, mahaifiyarsa, za ta zo shan shayi, kuma ba za ta tashi daga kujerarmu ba sai da amsa a hannu. Abu ɗaya ya hana ni cewa a'a tun tuni. Duk cikin waɗanda suka taɓa zama a falonmu, shi kaɗai ne ya ce, "Ba zan raba ki da dutsenki ba. Ni ma ɗan motsa jiki ne." Na ce to, zo mu gani kafin shayin.

Ga yadda muke yi. In za a bi sabuwar hanya, mutum ɗaya ke sammako ya riga kowa shiga, yana ɗaura jan ƙyalle a reshe duk inda hanya ta rabu ko ta ɓace cikin duwatsu. Sauran 'yan ƙungiya su taso in rana ta fito, suna bin ja. Wanda ke ƙarshen layinsu shi ke kwancewa, don kada a bar wa daji komai. Yau ni ce mai ɗauri. Na yi wa Manaja wannan bayanin a mota, daki-daki. Yana ta "na gane, na gane", yana gyara gashin baki a madubi.

Ku ga shigar da ya yi. Farin wando, farar riga, farin kambas sabo fil mai warin kwali, rigar sanyi ɗaure a wuya kamar mai tallan kaya a jarida. Turaren da ya zuba ya isa ya kori duk wata gada da ke dajin. Tun daga ƙofar shiga ya kunna waƙa a waya, sai da mai gadi ya nuna masa allon da aka hana. Ya kashe, yana cewa a ƙasashen da suka ci gaba ba a wannan ƙauyanci. Bai taɓa zuwa ko ɗaya ba. Ni da na yi karatu a ɗayansu na wuce gaba.

A hawan farko ya tofar da yawu sau ba adadi. Ya ci biskit ya saki ledar, iska ta liƙa ta a ƙaya. Na koma na ciro, na sa a jaka.

"Haba gimbiya, ai akwai masu shara."

"Babu."

"To ya kamata a ɗauka. Zan yi magana."

Da wa? Ban tambaya ba.

Akwai wani idon ruwa a gindin hawa na biyu. Ruwan na tsattsafowa daga tsagin dutse, ya taru a ɗan kwarmi da bai fi faranti ba. Nan muke cika gora, nan birai ke sha, kana ganin sawun ƙananan dabbobi a laka kewaye da shi. Na juya ina ɗaura ƙyalle a reshe. Da na waiwayo, Manaja ya cire takalmi, ya cire safa, ya tsoma ƙafafuwansa biyu a ciki har idon sawu, yana murza tsakanin yatsu. Sannan ya sunkuya, ya toshe hanci ɗaya ya fyace, ya wanke hannun a nan ɗin dai.

"Manaja, ruwan sha ne."

"Ai yana gudana, ranki ya daɗe. Kai, sanyi! Zo ki sa taki."

Gorata da na buɗe na mayar da murfinta.

"Zan wuce gaba," na ce. "Dole in gama ɗauri kafin su taso. Ka bi ja, ba za ka ɓata ba. Mu haɗu a sama."

"Je ki, ina bayanki. Kada dai ki ga na wuce ki."

Na tafi. Ba zan ɓoye muku ba, daga nan ne safiyar ta yi daɗi. Hanyar ta kurɗa cikin itatuwa masu duhu, ta fito kan wani falalen dutse, ta bi gefen kwazazzabo inda iska ke bugun kunne. Numfashina da sawuna kawai nake ji. A mararraba na tsaya na ɗaura ƙyalle uku a jere, a hannun dama, don ta hagu tsohuwar hanya ce da ruwan sama ya zabtare bara, mai gangara zuwa rami. Na ja kowane ƙulli na tabbatar.

Waya ta yi ƙara. Mama.

*Ki rage gudun nan kada ki kunyata yaron mutane. Namiji ba ya son mace ta wuce shi.*

Wani ya biyo baya.

*Ki sa doguwar rigar nan shuɗiya in kin dawo. Na goge miki. Kada ki fito wa Anti da wandon nan.*

Sai na Manaja, da hoton fuskarsa daga ƙasa, hanci cike da allo.

*Ina ganin saƙonninki a kan hanya, sarauniyata. Kowanne yana taɓa min zuciya.*

Na ɗauka surutun samari ne. Na mayar da wayar aljihu na ci gaba.

A saman tsaunin na zauna na ci dabino, na jira. Rana ta ɗaga sosai kafin in ji shi. Numfashin na fara ji, kamar ana zuga wuta, sannan turaren, sannan shi. Farin kambas ya zama ruwan ƙasa. Ya zube kusa da ni ya shanye rabin gorata ba tambaya, ya bar min maiƙon man leɓe a bakinta.

"Rufe ido," ya ce.

"Ba na rufe ido a kan dutse."

Ya yi dariya, ya cusa hannu a aljihun wando, ya zaro wani dunƙule ja, jiƙe sharkaf da gumi. Ya miƙo min da hannu biyu kamar mai ba da fure. Ƙyallayena ne. Daga tsohon labulen falon Mama na yanke su, yadi ne mai zuba, har ya rina masa tafin hannu.

"Ko ɗaya ban bari ba," ya ce. "Zan sa a yi musu firem, mu rataye a ɗakinmu."

Na daɗe ina kallon hannun.

"Daga ina ka fara kwancewa?"

"Daga wurin ruwan nan. Na mararrabar sun ba ni wahala, kin ƙulle su tamau. Da haƙori na kwance."

"Manaja, me na ce maka a mota?"

"Kin ce na ƙarshe shi ke kwancewa. Ni ne na ƙarshe."

"Na ƙarshen ƙungiya! Mutane na tafe a bayanka!"

Ya ɗan karkata kai, da murmushin nan nasa na shago.

"To wa za ki ɗaura wa alama a daji in ba ni ba?"

Da gaske yake. Abin da ya fi tayar min da zuciya ke nan. A kansa, duk wani jan abu da ke rataye a duniya don shi aka rataya.

Wayata ta ɗauki ruri. Koci ne, shugaban ƙungiyar, tsohon malamin motsa jiki mai murya kamar ana daka.

"Barewa! Ina ƙyalle? Muna mararraba, babu komai! Na gaba sun riga sun bi hagu, na kira sun dawo, ban da Sista. Wayarta ba ta shiga."

Sista ma'aikaciyar jinya ce da ta kusa ritaya, a shekaru ta isa ta haife ni. Ita ta fara kawo ni ƙungiyar, ita ke ajiye min ayaba a mota. Ba ta da sauri a hawa, amma a gangara ba ta jiran kowa.

"Ga ni nan," na ce. Na juya ga Manaja. "Tashi. Ka sauko ka faɗa musu abin da ka yi."

Ya dubi dunƙulen, ya dube ni. Ya mayar da shi aljihu a hankali.

"Ki yi gaba, ina zuwa."

Ban taɓa sauka daga tsaunin nan kamar yadda na sauka yau ba. Ban san inda nake sa ƙafa ba, ƙafar ce ta sani. A mararraba na tarar da Koci da sauran, ban tsaya ba, na bi hagu ina busa usur, suka biyo bayana. Tsohuwar hanyar ta yi kyau da farko, shi ne sharrinta. Sai ka sha kwana ka ga babu ƙasa. Na busa, na saurara. Na sake busawa. Daga can ƙasa wata murya ta ce, "Nan! A hankali, ƙasar na zamewa!"

Tana kwance a kan tsakuwa, bayanta jingine da wani kututture. Ƙafarta ta hagu daga ƙauri ta kalli inda ƙafa ba ta kallo. Ba ta kuka. Ita ta riƙa ba mu umarni.

"Karyo sanda biyu miƙaƙƙu. Ba wannan ba, ruɓaɓɓiya ce. Barewa, ba Koci bandejin."

Muka ɗaure, muka yi mata gadon ɗauka da rigunan sanyi da rassa, muka riƙa karɓa-karɓa. Duk inda aka yi tuntuɓe sai ta ciji mayafinta. Sau ɗaya kawai ta ce, "Wayyo Allah, ƙafata," a hankali, kamar mai jin kunya.

Da muka iso ƙofar gandun, Manaja na can. Ya biyo hanyar motar ma'aikata, ya riga mu. Yana tsaye a inuwa da lemon kwalba a hannu, ya sauko da rigar sanyin daga wuya ya ɗaura a ƙugu, ta rufe aljihun.

Ana ƙoƙarin shigar da Sista mota Koci ya juyo kaina, a gaban kowa, har da mai gadi.

"Ke! Aikin da aka ba ki ke nan? Kin kawo saurayi daji kina zance, kin bar mutane su faɗa rami?"

"Na ɗaura, Koci. Uku na ɗaura a mararraba." Na juya. "Manaja, faɗa musu."

Duk idanu suka koma kansa. Ya kurɓi lemo. Ya share baki da bayan hannu, ya dunƙule tafin.

"Gaskiya, ranka ya daɗe, ni ma da ƙyar na gane hanya. Na ga ɗaya ko biyu a farko. Amma kada a matsa mata, ta yi ƙoƙari. Ka san mata da gaggawa."

Na buɗe baki. A daidai lokacin ƙafar Sista ta bugi ƙofar mota ta yi ƙara, ƙarar da ta riƙe tun daga rami. Kowa ya ruga. Koci ya shiga gaba, ya leƙo ta taga.

"Kada in sake ganinki a nan sai mun zauna a kanki."

Suka tafi. Kuna iya cewa me ya hana in fizge rigar daga ƙugunsa. Na tambayi kaina. Wani ɓangare Sista ce, ba lokacin shari'a ba ne. Wani ɓangaren kuma so nake in ga iyakar mutumin, tunda da yamma za a tambaye ni ko zan zauna da shi har mutuwa.

A mota ya kunna sanyi, ya kunna waƙa. Na kashe waƙar.

"Me ya sa ka yi ƙarya?"

"Ba ƙarya ba ce, gyara ne. Ki duba, gimbiya. Ni mutum ne da aka sani. Cikin mutanen nan akwai wanda ya taɓa sayen tayil a wurina, na gane shi. In aka ce Manaja ya karya ƙafar tsohuwa, gobe ya zaga kasuwa. Ke kuwa mace ce, za su yi faɗa su huce."

"Sun kore ni."

"To ai shi ke nan." Ya dafa sitiyari da hannu ɗaya, ya ɗaga ɗayan. "Ni fa ina ganin alheri ne. Dama har yaushe za ki riƙa tsalle a duwatsu kamar akuya? Da na bari ne sai an ɗaura aure in lallaɓa ki. Yanzu ga shi Allah ya kawo sauƙi, ba sai mun yi rigima ba. Zan saya miki injin gudu, a sa a ɗaki, ga fanka ga talabijin."

"Ka ce ba za ka raba ni da dutsen ba."

"Kuma ni na raba ki? Ai kocinku ne."

Ya yi dariya, ya ji daɗin maganar. A wajen wata kwata ya rage gudu, ya sauke gilashi, ya zaro dunƙulen ya wurga. Ya goge hannu a kujera.

"An wuce wurin," ya ce. "Wallahi yunwa nake ji."

Na jingina kai da taga ina shaƙar iska ta baki, don in na shaƙa ta hanci turarensa da guminsa za su sa in yi amai a kan tayil ɗin samfur da ke zube a ƙasan motar.

Anti ta riga mu isowa. Mama ta fito da kofunan da ba a taɓawa, masu bakin zinariya, ta shimfiɗa farin leshi a kan tebur, ta jera biskit a faranti kamar za a ɗauki hoto. Su biyun sun sa kaya iri ɗaya, ruwan toka mai ɗinkin azurfa a wuya, sun saba yin haka tun suna 'yan makaranta. Falon na ƙamshin sabon labule.

Manaja ya yi sallama ya shiga, ya kwance rigar sanyin daga ƙugu don ya zauna. Ya manta.

"Innalillahi!" Anti ta miƙe, kofi ya yi ƙara a faranti. "Manaja! Jini!"

Daga aljihu har gwiwa farin wandon ya rine ja. Ya sunkuya ya kalla. Na ga lokacin da ya tsorata, na kuma ga lokacin da dabara ta zo masa. Tsakaninsu bai fi ƙiftawar ido ba.

"Ba komai, Momi, ƙwarzane ne. Wata baiwar Allah ce ta faɗa rami, muka shiga ciro ta. Dutse ya ɗan same ni."

"Ka shiga rami? Kai ɗin? Ɗan nan za ka kashe ni!" Ta juya ga Mama, ido cike da hawaye. "Kin gani ko? Haka yake tun yana yaro, ba ya iya ganin mutum cikin wahala."

"Allah sarki," in ji Mama. "Allah ya yi maka albarka. Ke kuma kin tsaya kamar an dasa ki, ba za ki ce masa sannu ba?"

Na sauke jakata a kan kafet, na buɗe. Na fito da auduga da kwalbar sifirit.

"Sannu, Manaja. Naɗe wandon in wanke maka."

"A'a, a'a, bar shi, gimbiya. Ya daina zuba."

"Jini mai yawa haka ba ƙwarzane ba ne. Ciwon dutse yana ruɓewa. Anti, ki sa baki."

"Gaskiyarta, naɗe mana," in ji Anti. "Ai aikinta ne. Ka ga amfanin auren 'yar asibiti."

"Momi, a gaban Mama? Haba. Wurin yana sama sosai."

"To mu fita mu ba ku wuri."

"Zan je kemis! Wallahi zan je kemis!"

Na jiƙa audugar, na durƙusa a gabansa. Ya ja ƙafa ya maƙale a lungun kujera, ya rungume gwiwa da hannu biyu, jan tafin a waje. Warin safarsa ya buso. Ban matsa ba.

"Barewa," in ji Mama. Muryar ta canza. "Zo ki ɗauko min madara."

A kicin ta tura ƙofa, ta tsaya a jikin firij, ta harɗe hannu.

"Me kike so ki yi?"

"Mama, ba jini ba ne."

"Na sani."

Na dube ta.

"Ni na wanke labulen nan shekara da shekaru, ya ɓata min farin zane ya fi a ƙirga. Kuma jini in ya bushe baƙi yake yi. Yarinya kike gani na?"

Na faɗa mata komai, a taƙaice. Idon ruwan, ƙyallayen, ƙafar Sista, abin da ya ce a gaban Koci, abin da ya ce a mota. Ta saurara tana goge cokali ɗaya da tsumma, cokalin da ba shi da datti.

"To," ta ce. "Ya yi wauta. Wane namiji ne ba ya wauta? Ya ji kunya ya rufe, ke kuma sai ki taya shi rufewa. Shi ne zama."

"Da sunana ya rufe."

"Sunanki a wurin wa? 'Yan guje-guje? Su za su aure ki?" Ta ajiye cokalin. "Matar nan da ke falo, ita ta riƙe min hannu ranar da na haife ki. Ita ta kwana da ni a asibiti da babanku ya kwanta. In kika tozarta ɗanta a kan kujerata, da wane ido zan kalle ta? Ba cewa na yi dole ki so shi yau ba. Ki fita ki ce kin amince, sauran a hankali."

"Ya tsoma ƙafa a ruwan da mutane ke sha, Mama."

"Sai ki koya masa! Duk karatun da kika yi a can ba a koya miki haƙuri ba?"

Wayata ta motsa a aljihu. Saƙon murya ne daga lambar Sista. Na kunna a gaban Mama. Muryar ta yi nauyi, da alama an yi mata allura.

"Barewa, karaya biyu ce, gobe za su shiga da ni tiyata. Likita ya ce gudu kam sai dai wani ikon Allah. Koci na nan yana ta faɗa. Na ce masa ni ban yarda ba, yarinyar nan ko igiyar takalmi sau biyu take ƙullawa. Ki zo ki faɗa min abin da ya faru. Kada ki zo da lemo, an cika min gado da shi."

Daga falo ana jin Manaja yana ba da labarin zurfin ramin, Anti na salati.

"Allah ya ba ta lafiya," in ji Mama. Ta miƙo min gwangwanin madara. "Wuce mu je. Ki fara sa rigar."

Na karɓi madarar, na kai falo, na ajiye a kan leshi kusa da kofin Anti. Ta kamo hannuna, tafinta da laushi da ɗumi.

"'Yata, ni fa amsa na zo karɓa. Kin ga dai yau da idonki irin mijin da Allah ya ba ki."

"Na gani, Anti."

Manaja ya ɗaga min gira ta saman kofi, yana tauna biskit baki buɗe.

Na ɗauki jakata. Na zaro turarensa, da fawa-bankin, da tabarau, da man leɓe, na jera masa a hannun kujera. Na wuce ɗakina. Shuɗiyar rigar na shimfiɗe a kan gado, an goge ta har tana sheƙi. Na ji takun Mama a bayana, da sauri, tana kiran sunana ƙasa-ƙasa don kada baƙi su ji. Ta iso na riga na shiga, hannuna a kan ƙofa.

"Ki fito ki ba matar nan amsa."

"Ke za ki kai mata, ko in faɗa daga nan ta ji?"

"Kada ki kuskura."

Na rufe ƙofar, na murza makulli. Ban ɗaga murya ba, amma gidanmu ba shi da girma, kuma falon ya yi shiru.

"Ba zan aure shi ba, Mama. Gobe kafin a shiga da Sista tiyata zan je in faɗa mata, a gaban Koci, wanda ya kwance ƙyallen. In Manaja na so ya riga ni faɗa da bakinsa, ya san asibitin."